Idan Kogi Ya Daskare: Abin Da Ke Faruwa A Ƙarƙashin Ƙanƙara

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Duk shekara, da zarar an shiga Disamba zuwa Fabrairu, sai ka ga bidiyoyi sun cika TikTok da Facebook. Wani yana tafiya a kan kogi kamar a kan kwalta, wani ya huda rami ya zauna yana kamun kifi, wani ma mota ya tuƙa ya tsallake. A ƙasan bidiyon kuma sai ka ga mutanenmu suna tambaya, wai da gaske ne ko haɗawa aka yi? To, da gaske ne. Kogi yana daskarewa har babbar mota ta bi ta kansa. Sai dai akwai abin da kyamara ba ta nunawa, kuma shi ne maganarmu ta yau: saman ne kawai ya daskare. A ƙasa ruwan yana nan yana gudu, dare da rana, bai tsaya ba ko na minti ɗaya. Duk haɗarin da za mu lissafa yau daga nan ya samo asali.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ka cika kwalba da ruwa, ka toshe, ka sa a firiza ka manta da ita. Washegari sai ka tarar ta tsage. Dalili shi ne ruwa idan ya daskare yana kumbura, yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Tunda ya ƙara girma amma nauyinsa bai ƙaru ba, sai ƙanƙara ta zama ba ta kai ruwa nauyi ba. Shi ya sa in ka jefa ta a kofin zoɓo take tasowa sama.

Akwai kuma wani abu na biyu game da ruwa. Ya fi nauyi ne idan yana digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. In ya yi sanyi ƙasa da haka, sai ya fara rage nauyi. Saboda haka a tafki, inda ruwa yake kwance, ruwan da ya fi sanyi shi ke zama a sama, mai digiri 4 ya kwanta a ƙasa. Dare ɗaya mai tsananin sanyi, babu iska, ya isa saman ƙaramin tafki ya yi ɓawo kamar gilashi.

Kogi kuwa ba haka yake ba. Ruwan kogi kullum cikin juyawa yake, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya dawo sama, kamar ana dama kunu. Don haka kafin ya daskare, sai duk ruwan daga sama har ƙasa ya sauka zuwa sifili. Ko ya kai sifilin ma da sauran aiki, domin zafin da kilo ɗaya na ruwa zai fitar kafin ya zama ƙanƙara daidai yake da zafin da zai fitar in ya huce daga digiri 80 zuwa sifili. Ka ga ke nan sanyin kwana ɗaya ko biyu ba ya yi wa babban kogi komai. Sai an jera kwanaki, wani lokaci makonni, ma'auni yana ƙasa da sifili ba sassauci.

In sanyin ya dage, abu uku ne ke faruwa kusan lokaci guda. Na farko, ƙanƙara tana fara kamawa daga gaɓa, inda ruwa ba shi da gudu, tana miƙowa tsakiya a hankali. Na biyu, a tsakiyar kogin, musamman da dare in sama ta yi garau babu gajimare, ruwan yakan ɗan zarce sifili kaɗan ba tare da ya daskare ba, sai wasu ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara su fara fitowa a cikinsa, kamar tsaki a cikin ruwa. Mu kira su tsakin ƙanƙara, kuma ku riƙe sunan don za mu dawo kansu. Suna da danƙo sosai a wannan lokacin, duk abin da suka taɓa sai su manne masa: dutse, ƙarfe, icce, har junansu. Na uku, wasu suna manne wa duwatsun ƙasan kogi, ƙanƙara ta yi ta taruwa a can ƙasa inda ido ba ya gani.

Tsakin nan in ya dunƙule sai ya taso sama, ya zama faya-fayai suna yawo, suna karo da juna har gefensu ya yi da'ira kamar gurasa. Ruwa ya yi ta tafiya da su har su iso wani wuri matsattse, ko kwana, ko ƙarƙashin gada, su cushe. Na baya su zo su jingina da na gaba, sanyi ya ɗinke su. Haka murfin yake yi ta tsawo yana komawa baya, ta inda ruwa ke fitowa. Wato ƙanƙarar kogi faci-faci ce. Wani wurin kauri, wani wurin siriri, wani wurin ɗinki ne tsakanin faifai biyu.

Labarin kogin Tems na Landan ya nuna yadda wurin cushewa yake da muhimmanci. A da kogin yakan daskare har a ci kasuwa a kansa. A sanyin 1683 zuwa 1684 ya yi kusan wata biyu a daskare. Kasuwar ƙarshe an ci ta a watan Fabrairun 1814, har giwa aka ja ta bi ta kan ƙanƙarar. Tsohuwar gadar Landan tana da ƙafafu masu kauri da ƙananan ƙofofi 19, suna rage gudun ruwa suna tare faya-fayan ƙanƙara. Da aka buɗe sabuwar gada a 1831 aka rushe tsohuwar, daga baya kuma aka gina bango a gaɓar kogin ya ƙara gudu, ba a sake cin kasuwa a kansa ba.

Idan murfin ya kama, ƙara kaurinsa yana tafiya a hankali, saboda ita kanta ƙanƙarar ta zama bargo, tana raba ruwan ƙasa da sanyin sama. A lissafi, in kana son kaurinta ya ninka biyu, sai an yi kusan ninki huɗu na sanyin da ya haifar da ita. In dusar ƙanƙara ta zubo a kai kuma, bargo ya zama biyu, girman ya ƙara ja baya.

A wuraren da sanyi ke ɗaukar watanni, wannan murfin hanya ce ta gaske. Ɗauki birnin Yakutsk a gabashin Saiberiya, ƙasar Rasha, mai mutane sama da 300,000, inda digiri 40 ƙasa da sifili ba labari ba ne a watan Janairu. Birnin yana gefe ɗaya na kogin Lena, babbar hanyar mota da tashar jirgin ƙasa suna ɗaya gefen. Da bazara jirgin fito ake shiga. Da hunturu kuwa, daga wajen ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, titi ake shatawa a kan kogin, da alamomin hanya da iyakar nauyi da komai. Ma'aikata suna huda ƙanƙarar suna aunawa, suna zuƙo ruwa daga ƙasa suna watsawa a kai don ya daskare ya ƙara kauri. A yankin Ladak na arewacin Indiya ma, mutanen kwarin Zanskar sun daɗe suna bin kan daskararren koginsu a ƙafa, tafiyar kwanaki, idan dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin tsaunuka. Lura da abu ɗaya dai: waɗannan mutane sun san kogin nasu kamar tafin hannunsu, ko kuma akwai hukumar da ke aunawa kullum. Ba ganin ido suke bi ba.

To yanzu mu zo kan haɗari na farko, na mutumin da ya taka.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka tana da ma'aunin da aka fi yawan ambatawa. Sabuwar ƙanƙara mai haske, wadda kake iya gani ta cikinta, sai ta kai santimita 10 kafin mutum ya hau a ƙafa. Ƙaramar mota tana son wajen santimita 25 zuwa 30. In kuwa ƙanƙarar fara ce, wato wadda ta haɗu da dusa da kumfar iska, ƙarfinta rabin na waccan ne, sai a ninka lissafin. Hukumar da kanta kuma tana cewa babu ƙanƙarar da za a ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari a kanta.

A kogi ma abin ya fi haka rikici, domin ruwan da ke gudu a ƙasa yana lasar ƙanƙarar yana cinye ta. Za ka iya tsayawa a kan santimita 30, ka yi taku biyar ka samu kanka a kan santimita 3, alhali daga sama duk fari ɗaya ne. Wuraren da suka fi rauni an san su: kusa da ƙafafun gada, wajen kwana inda ruwa ke ƙara gudu, inda ƙaramin rafi ya shigo babba, inda masana'anta ko tashar lantarki ko magudanar gari ke zubo ruwa mai ɗumi. A ƙasan madatsar ruwa kuma akwai wani tarkon. In aka rage ruwan da ake saki, sai ruwan kogin ya sauka ya bar ƙanƙarar a rataye, babu abin da ke tallafe da ita sai iska.

Ga kuma babban bambancin. Wanda ya faɗa a tafki, ramin da ya faɗa yana nan a saman kansa. Wanda ya faɗa a kogi, ruwa zai ja ƙafafunsa zuwa ƙarƙashin murfin. In hannunsa ya kuɓuce daga bakin ramin, ya tafi ke nan, ga rufi a sama ga duhu, ramin kuma yana ta nisa a bayansa. Iya iyo ba ya taimakon mutum a nan.

Mutane da yawa suna ɗauka sanyi ne ke daskarar da mutum nan take. Wani farfesa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan haka har da shiga ruwan ƙanƙara da kansa, ya taƙaita abin da lamba uku: 1, 10, 1. Minti 1 na farko, jiki zai firgita, mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya riƙa haki. In kansa yana cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Aikinsa a wannan mintin shi ne ya riƙe bakin ƙanƙara ya daidaita numfashi. Daga nan yana da kimanin minti 10 da hannuwa da ƙafafu za su yi masa biyayya, kafin sanyi ya kashe ƙarfinsu ya kasa riƙe ko igiya. Sannan kimanin awa 1 kafin zafin jikinsa ya sauka har ya suma. Wato yawancin waɗanda ke mutuwa, nutsewa suke yi tun kafin sanyin ya kai ga zuciya.

Wannan ɓangaren ku saurara da kyau, musamman 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Rasha, Kanada, Sin, Hangari, Foland da sauransu, waɗanda wataƙila bana ne karonsu na farko da ganin irin wannan sanyi. In tsautsayi ya sa ka faɗa, ka juya ka fuskanci inda ka fito, domin can ne ƙanƙarar ta ɗauke ka ɗazu. Ka shimfiɗa hannuwanka a kanta. Kada ka yi ƙoƙarin ɗaga kanka tsaye kamar mai fita daga rijiya, bakin zai yi ta karyewa. Ka riƙa buga ƙafafu har jikinka ya kwanta a saman ruwa, sannan ka ja ciki ka hau. In ka hau kada ka miƙe, ka mirgina har ka yi nisa da ramin. Kada ka ɓata lokaci wajen cire kaya a cikin ruwa. In ka kasa fita, ka bar hannuwanka a shimfiɗe a kan ƙanƙarar ka daina motsi, ka yi ta kira. Hannun riga yakan manne da ƙanƙara ya riƙe mutum ko bayan ya suma.

In kuwa wani ka gani ya faɗa, a nan ne zuciya take cutar mutane. A watan Disamban 2022, a wani tafki kusa da Bamingham a Ingila, yara huɗu suka rasu, masu shekara 6, 8, 10 da 11, kuma wasu daga cikinsu sun faɗa ne garin ceton wanda ya riga su. Tun a Janairun 1867 Landan ta ga irin haka a tafkin lambun Regent's Park, inda ƙanƙara ta fashe da mutane kusan 200, 40 suka mutu. Kusan duk hunturu kuma sai an ji wanda ya bi karensa kan ƙanƙara, karen ya fito, mai shi bai fito ba. Ƙa'idar ita ce kada ka hau. Inda ta karye da shi za ta karye da kai. Ka kira agaji: 112 a ƙasashen Turai da Rasha, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Daga gaɓa ka yi masa magana ya natsu, ka miƙa masa sanda, reshe, tsani, ko ka jefa igiya, ko ka ƙulla gyale da rigar sanyi. In ya fito, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a kwantar da shi, a lulluɓe ƙirji da kai da busasshen bargo. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a jefa shi a ruwan zafi, ba a ba shi giya. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Haɗari na biyu bai shafi mai takawa ba, gari gaba ɗaya yake taɓawa. A Turai da Amurka kogi babbar hanyar kaya ce: hatsi, gawayin kwal, man fetur, ƙarafa. Kogin Danub, mai tsawon kusan kilomita 2,850, yana ratsa ƙasashe 10. A Fabrairun 2012, da sanyi ya dage na makonni, ƙanƙara ta rufe ɗaruruwan kilomitoci nasa, ƙasashe irin su Ostiriya, Hangari, Sabiya, Bulgeriya da Romaniya suka dakatar da zirga-zirgar jirage. A Janairun 1977 kogin Ohayo na Amurka ya daskare har mutanen Sinsinati suna tsallakawa jihar Kentaki a ƙafa, jiragen dakon man ɗumama gida da gishirin da ake zubawa a titi suka maƙale, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Hanyar jirage ta kogin San Lorens tsakanin Kanada da Amurka kuwa, rufe ta ake yi duk shekara daga wajen ƙarshen Disamba ko farkon Janairu zuwa Maris.

Kun tuna tsakin ƙanƙara? Shi ne ciwon kan masu kula da ruwan famfo da lantarki. Bakin bututun da ke zuƙo ruwa daga kogi yana da ragar ƙarfe don tare shara. Tsakin nan sai ya manne wa ragar, cikin 'yan awoyi a dare ɗaya ya toshe ta ruf, a wayi gari ba ruwa a tashar. Abin mamaki, maganinsa shi ne kogin ya rufe, domin in murfi ya kama, ruwa ba ya haɗuwa da iska mai sanyi, tsakin ya daina fitowa. Shi ya sa a Kanada masu madatsun lantarki sukan rage ruwan da suke saki da gangan a farkon hunturu, don murfin ya kama lafiya lau. Kifi ma yana shan tasa wahalar. Murfin yana hana iska shiga ruwa, dusa tana hana haske. A kogin Ob na Saiberiya, ruwan fadama marar iska yana mamaye wani dogon yanki duk hunturu, kifaye dole su yi hijira ko su mutu.

Sai haɗari na uku, wanda ya fi kowanne ɓarna, kuma yana zuwa ne lokacin da kowa ya fara murna sanyi ya wuce.

Da ɗumi ya fara shigowa, dusar da ke kan tudu tana narkewa ta gangaro kogi. Ruwa ya ƙaru a ƙarƙashin murfin, ya ɗaga shi, ya farfasa shi. In ƙanƙarar ta riga ta ruɓe da rana, sai ta narke a hankali ta tafi ba rigima. In kuwa ɗumin ya zo bagatatan, ko aka yi ruwan sama, alhali ƙanƙarar tana da ƙarfinta, sai ta ɓalle gunduwa-gunduwa, wata kamar girman ɗaki, wata kamar filin ƙwallo. Su taho da gudu, su iso kwana ko tsibiri ko gada ko wani yankin da bai fashe ba, su hau kan juna har su toshe kogin daga sama zuwa kusan ƙasa. Wannan shi ne cunkoson ƙanƙara. Madatsa ce da ba wanda ya gina ta, ba wanda ya san daidai inda za ta tsaya.

Ambaliyar ruwan sama takan ba da kwanaki ana ganin ruwa yana hawa. Ta cunkoson ƙanƙara kuwa, ruwa na iya hawa mita ɗaya ko fiye cikin awa guda, wani lokaci cikin mintuna, kuma sau da yawa tsakar dare. Ruwan yana kusa da sifili, yana ɗauke da gunduwoyin da ke rushe bango su tumɓuke itace. In cunkoson ya ɓalle kuma, duk ruwan da ya taru sai ya sauka kan garin da ke gaba lokaci ɗaya.

A Maris ɗin 1838, ƙanƙarar Danub ta cushe a ƙasan garin Pest, rabin birnin da yau ake kira Budapest. Ruwa ya juyo ya shiga gari cikin dare. Sama da mutum 150 suka mutu, gidaje fiye da 2,000 suka rushe, dubban mutane suka rasa matsuguni. A waccan shekarar ta 2012 da muka ambata, da ɗumi ya shigo kwatsam, gunduwoyin ƙanƙara suka afka wa jiragen da ke ɗaure a Belgired, babban birnin Sabiya, suka farfasa ƙananan jirage masu yawa har da gidajen cin abinci da ke kan ruwa. A Afrilun 2020, ana tsakiyar korona, cunkoso mai tsawon kusan kilomita 25 ya toshe kogin Atabaska a Kanada, aka kwashe mutane kusan 13,000 daga garin Fort McMurray.

Kogunan da suka fi wannan matsala su ne masu gudu daga kudu zuwa arewa, kuma dalilin a fili yake. Kogin Lena ya taso ne daga kusa da tafkin Baikal a kudu, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 zuwa tekun arewa. Kudu tana riga arewa samun ɗumi. Saboda haka kan kogin ya narke ya taho da ruwa, alhali gaba tana nan a kulle da ƙanƙarar da ta haura mita ɗaya. A watan Mayun 2001 haka ta faru a garin Lensk. Ma'aunin ruwa ya kai wajen mita 20, kusan duk garin ya nutse, dubban gidaje suka lalace, sai da gwamnatin Rasha ta tura jiragen yaƙi suka yi ta jefa bama-bamai a kan cunkoson. Rawayen Kogi na ƙasar Sin ma yana da irin wannan yanki, inda yake miƙewa arewa ta Ningsha zuwa Mongoliya ta Gida, kuma can ma sojoji sun sha amfani da jirage da manyan bindigogi wajen fasa ƙanƙara.

Bam dai dabara ce ta ƙarshe, kuma ba kullum take ci ba, domin in babu buɗaɗɗen ruwa a gaba, gunduwoyin sai su sake cushewa a wata kwanar, matsalar ta koma kan wani garin. Abin da aka fi dogaro da shi shi ne shiri tun kafin lokaci. Jiragen fasa ƙanƙara suna buɗe hanya daga gaba suna tahowa baya, don abin da ya fashe ya samu wurin wucewa. A wasu wurare ana yanka ƙanƙarar da zarto, ko a barbaɗa mata baƙar ƙasa ko garin gawayi don ta sha rana ta yi laushi. A bakin kogin Nayagara, tun 1964 ake shimfiɗa wani dogon shinge mai yawo a kan ruwa duk hunturu, don ya tare ƙanƙarar tafkin Eri kada ta kwararo ta toshe tashoshin lantarki. Yanzu kuma ga hotunan tauraron ɗan'adam da jiragen sama masu bin kogi suna gargaɗin garuruwa.

Wani zai ce, ai duniya tana ɗumama, ke nan matsalar za ta kau da kanta. Gaskiya ne cewa koguna da yawa yanzu suna makara wajen daskarewa suna kuma saurin narkewa. Amma ga mai takawa, wannan ƙarin haɗari ne. A 2020, wata farfesa a Jami'ar York da ke Toronto, Sapna Sharma, da abokan aikinta suka fitar da bincike a kan mutane sama da 4,000 da suka nutse a lokacin hunturu a ƙasashe 10. Suka gano mutuwar ta fi yawa ne idan ma'auni yana tsakanin digiri 5 ƙasa da sifili da sifilin kansa, wato lokacin da sanyin bai yi tsanani ba. Yau ta daskare, gobe ta narke, jibi ta sake kamawa, sai ta zama fara mai rauni. Mutane kuma suna fita a ranar da kakanninsu suka saba fita, alhali ƙanƙarar ba irin ta wancan zamanin ba ce.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke can ƙasar sanyi, in abokai sun ce a je kan kogi a ɗauki hoto, ka duba ko wuri ne da hukuma ta auna ta buɗe, da alama a kafe. In ba haka ba, hoton daga gaɓa ma yana kyau. Sawun wani a kan dusa ba shaida ba ne, domin ruwan da ke ƙasa ya yi aikin dare guda bayan wucewarsa. In kuma gidanka yana kusa da kogi, ka fi sa kunne ga sanarwar hukuma a makon da ɗumi ya fara shigowa.

A nan za mu dakata. Waɗanda ke zaune a wuraren da kogi ke daskarewa, ku faɗa mana garin da kuke da abin da idonku ya gani. Wanda kuma yake da ƙani ko aboki da ya tafi karatu bana, ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.